Zamanin Azurfa ko Zamanin Tagulla: Daga Ina Mai Neman Tsofaffin Komik Zai Fara?

Wanda ya san Spider-Man da Batman da 'yan X-Men ta hanyar fim, wata rana ransa kan raya masa ya koma tushe, ya ga mujallun zanen da aka tsamo su daga ciki. A nan ake rasa inda za a kama. Kamfanonin nan biyu na Amurka, Marvel da DC, sun haura shekara tamanin suna fitar da labari duk wata, babu mai iya karance su. Kuma kundi guda mai kauri, idan aka haɗa kuɗinsa da na kawo shi, ba abin da za a saya da ka ba ne. Ko a waya mutum yake karatu, lokacinsa ma kuɗi ne.

Masu bin wannan harka sun raba tarihinta zamani-zamani. Akwai Zamanin Zinariya, wanda ya fara da fitowar Superman a 1938. Shi wannan na masu bincike ne, domin zanensa ɗanye ne, labaransa gajeru. Gardamar gaske tana tsakanin biyun da suka biyo baya: Zamanin Azurfa, daga 1956 zuwa wajen 1970, da Zamanin Tagulla, daga 1970 zuwa wajen 1985. Sunayen kan yaudari mutum ya ɗauka azurfa ta fi tagulla a nan ma. Na karanta duka biyun gwargwadon hali, kuma ra'ayina shi ne babba mai neman labarin da zai riƙe shi ya fara da Tagulla. Amma ba zan ce haka ba sai na ba Azurfa haƙƙinta, don haƙƙin nata babba ne.

Ba za a gane Zamanin Azurfa ba sai an san takunkumin da aka haife shi a ciki. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana zargin komik da lalata tarbiyyar yara, har wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya zauna a kan batun. Don gudun kada gwamnati ta sa musu hannu, sai masu bugawa suka kafa hukumar tace kansu, mai buga hatimi a bangon kowace mujalla. Dokokinta masu tsauri ne. Dole na kirki ya yi nasara, ba a zubar da mutuncin ɗan sanda ko alƙali, ba a nuna jini ko abin tsoro. Mujallar da ba ta da hatimin nan, masu rarrabawa ba sa son taɓa ta.

Cikin wannan ƙunci ne edita Julius Schwartz na DC ya farfaɗo da Flash a 1956, da sabon mutum, Barry Allen, da zanen Carmine Infantino mai tsabta. Green Lantern ya biyo baya a 1959, ƙungiyar Justice League a 1960. Sai Marvel ta mayar da martani a 1961 da Fantastic Four na Stan Lee da Jack Kirby, daga nan kuma abin ya zama kamar an buɗe madatsar ruwa. Hulk da Thor da Spider-Man a 1962, Iron Man da Doctor Strange da Avengers da X-Men a 1963, Daredevil a 1964. Mutane ƙalilan ne a ɗan ƙaramin ofis a New York suka ƙirƙiro kusan duk abin da sinima ke cin abinci da shi a yau, cikin shekara uku kacal. A fagen ƙirƙira babu zamanin da ya kama ƙafar wannan, ko kusa.

Sai dai ƙirƙirar jarumi daban, daɗin karanta labarinsa daban. Ɗauki mujallun Superman na wancan lokaci, ƙarƙashin edita Mort Weisinger. Akwai kare mai ƙarfin Superman, akwai kyanwa, akwai doki, akwai biri. Jan dutsen kryptonite kan sauya masa kamanni na ɗan lokaci, Lois Lane kuma aikinta kusan kullum ɗaya ne, neman gano sirrinsa ko neman ya aure ta. Labari ya fara ya ƙare cikin shafuka kaɗan, wata mai zuwa kowa ya manta. An rubuta su ne don yaro ɗan shekara takwas zuwa goma sha biyu mai santi goma ko goma sha biyu a aljihu, kuma sun yi wa wannan yaro aiki. Babba idan ya karanta uku a jere ya ga dabarar, na huɗu ba zai ba shi sabon abu ba. Jaruman Justice League na farko ma duk muryarsu ɗaya, da za a musanya maganar Flash da ta Aquaman babu mai lura.

Marvel ta fi DC rai a wannan zamani, domin jarumanta suna faɗa da juna, suna rasa kuɗin haya, suna jin haushin halittarsu. Amma ita ma akwai tsakuwa a shinkafarta. X-Men na farko bai yi ƙarfi ba, har aka daina sabon labari a 1970 aka koma maimaita tsofaffi. Labaran Iron Man na farko cike suke da farfagandar yaƙin cacar baka, mugayen 'yan Asiya da na Rasha an zana su da raini. Mata kuma, in ka cire kaɗan, an ajiye su ne don a sace su a ceto su. Sue Storm ta Fantastic Four, matar aure har da ɗa, an ci gaba da kiran ta da laƙabin yarinya har 1985.

To ina zumar take? Wuri biyu ne, kuma su kaɗai sun isa su ɗaga darajar zamanin gaba ɗaya.

Na farko Spider-Man na Steve Ditko, fitowa 38 na farko, zuwa 1966. Peter Parker na Ditko siriri ne, mai fushi a ciki, wanda duniya ba ta yi masa adalci, kuma ya san sakacinsa ne ya jawo mutuwar kawunsa. A fitowa ta 33 wani ƙaton ƙarfe ya danne shi a ƙarƙashin ƙasa, ruwa na zubowa, maganin da zai ceci gwaggonsa May yana can gabansa kaɗan bai isa ya kai hannu ba. Ditko ya ɗauki shafuka yana nuna yaron nan yana yunƙuri, gidajen zanen suna ƙara girma da kowane numfashi, har ya ɗaga ƙarfen a cikakken shafi guda. Na karanta wannan wuri ban san sau nawa ba, har yau sai na ji kafaɗata ta yi nauyi.

Na biyu Fantastic Four na tsakiya, daga ƙarshen 1965 lokacin da Joe Sinnott ya karɓi aikin bin zanen Kirby da tawada. Cikin watanni kaɗan aka samu Inhumans, aka samu Galactus mai cinye duniyoyi da manzonsa Silver Surfer a fitowa ta 48 zuwa 50, sannan a ta 52, a 1966, aka samu Black Panther, sarkin Wakanda, baƙar fata ɗan Afirka wanda ya gayyato jaruman nan huɗu ƙasarsa ya gwada ƙarfinsa a kansu. Kirby a wannan lokaci yana zana injuna da sararin samaniya kamar mai ganin su da ido. Shi da Lee sun yi fitowa 102 tare, kuma har yau ana muhawara kan wanda ya fi hannu a labarin, domin yadda suke aiki shi ne Kirby ya zana labarin kusan gaba ɗaya, Lee ya zo ya sa magana a bakin mutane. Wannan rashin jituwa na cikin abin da ya sa Kirby ya bar Marvel ya koma DC a 1970, tafiyar da da yawa ke ɗauka ita ce rufewar zamanin.

A shekarar ce kuma iska ta juya. Yaran da suka tashi da karatun Lee da Kirby sun girma sun zama marubuta, a ƙasar da yaƙin Biyetnam da gwagwarmayar baƙaƙen fata suka girgiza. A fitowa ta 76 ta Green Lantern, Denny O'Neil da Neal Adams suka sa wani dattijo baƙar fata ya tare jarumin a titi, ya tuhume shi da cewa ya yi wa halittu masu launi iri-iri hidima a wasu duniyoyi, amma bai taɓa waiwayar baƙaƙen da ke ƙasarsa ba. Jarumin ya sunkuyar da kai, ya rasa amsa. Sai ma'aikatar lafiya ta Amurka ta roƙi Stan Lee ya yi labari kan illar ƙwaya. Hukumar tacewa ta ƙi ba da hatimi, shi kuma ya fitar da Spider-Man na 96 zuwa 98 a 1971 babu hatimin, aka sayar lafiya lau. A shekarar aka sassauta dokokin, kuma DC ta nuna Speedy, yaron Green Arrow, ya faɗa shan muguwar ƙwayar heroin ta allura.

Gaskiya labaran nan na farko suna da wa'azi mai nauyi, kamar marubucin ya hau mumbari, kuma kasuwa ba ta karɓi Green Lantern ɗin ba, an dakatar da shi a 1972. Muhimmancinsu ya fi daɗinsu. Abin da ya sauya harkar da gaske ya zo a 1973, a fitowa ta 121 ta Spider-Man, daga alƙalamin Gerry Conway, saurayi ɗan kimanin shekara ashirin. Mugun nan Green Goblin ya jefo Gwen Stacy, budurwar Spider-Man, daga saman gada. Spider-Man ya harba zarensa ya kama ƙafarta, ya jawo ta yana murna ya cece ta, ashe ta riga ta cika, kuma ga wata 'yar ƙaramar alamar ƙara da aka rubuta daidai wuyanta, mai nuna wataƙila fizgar da ya yi ce ta kashe ta. Kafin wannan rana mai karatu ya san jarumi zai iso a kan kari. Bayan ta, bai sani ba. Wannan rashin sanin shi ne babban dalilin da ya sa nake fifita Tagulla: shi ke sa hannu ya yi saurin buɗe shafi na gaba.

Daga nan kowa ya samu nasa rabon. Captain America, a labarin Steve Englehart na 1974 lokacin badaƙalar Watergate, ya gano cewa shugaban maƙarƙashiyar da yake farauta babba ne a ƙolin gwamnatinsa, sai ya cire rigar tutar ya ajiye. Tony Stark, wato Iron Man, ya faɗa shaye-shayen giya a 1979. Batman, wanda shirin talabijin na 1966 ya mayar abin dariya, O'Neil da Adams suka mayar da shi cikin dare, suka ba shi Ra's al Ghul a 1971, suka dawo da Joker mai kisa a 1973. Thanos ya fito a 1973, Wolverine da Punisher a 1974. Don McGregor ya rubuta dogon labarin Black Panther daga 1973 zuwa 1975 wanda kusan duk mutanen cikinsa 'yan Wakanda ne, a nan Killmonger ya fara bayyana, kuma Billy Graham, mai zane baƙar fata, ya yi masa shafuka masu ban sha'awa. Wanda ya ji daɗin fim ɗin 2018 zai ga inda aka samo ƙashin bayansa. A 1978 har Muhammad Ali aka haɗa da Superman a zoben dambe, aka cire wa Superman ƙarfinsa, Ali ya lakaɗa masa duka.

Wani abin da ba kowa ya sani ba, wannan guguwa ta taɓo Najeriya. A tsakiyar shekarun 1970 an riƙa buga mujallar wani jarumi baƙar fata mai suna Powerman don kasuwar ƙasar nan, kuma masu zana ta matasa ne biyu daga Ingila, Dave Gibbons da Brian Bolland. Gibbons ɗin nan shi ne daga baya ya zana shahararren komik ɗin nan Watchmen.

Amma kambin zamanin yana kan X-Men. Mujallar da ta kusa mutuwa aka farfaɗo da ita a 1975 da sabuwar tawaga daga ƙasashe daban-daban, aikin Len Wein da Dave Cockrum: Wolverine daga Kanada, Nightcrawler daga Jamus, Colossus daga Rasha, da Storm, wadda mahaifiyarta 'yar Kenya ce, ta tashi marainiya a titunan Alƙahira. Chris Claremont ya karɓi rubutun a wannan shekara bai sake shi ba sai 1991. Shekara goma sha shida a hannun mutum ɗaya, shi ya sa labarin yake tafiya kamar littafi mai mujalladi da yawa, abin da aka shuka bana sai baɗi ko bayan baɗi ya tsiro. Mutanen suna canzawa, suna girma, suna yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Storm ta tashi daga baƙuwa mai jin kunya ta zama shugabar tawaga. Lokacin da John Byrne yake zane, daga 1977 zuwa 1981, aka kai ƙololuwa. A labarin Dark Phoenix na 1980, Jean Grey, ɗaya daga cikin 'yan tawagar farko, ƙarfi ya rinjaye ta har ta haɗiye tauraro, biliyoyin rayuka suka salwanta. Marubutan sun so su bar ta da rai, babban edita Jim Shooter ya ce wanda ya yi wannan ɓarna ba zai tafi haka nan ba, sai aka sake ƙarshen, ta zaɓi mutuwa da kanta a duniyar wata, a fitowa ta 137. An dawo da ita a 1986, kuma ina ganin wannan ya rage wa labarin daraja, amma wanda ya karanta shi a jere ba zai ji haka ba a lokacin da yake ciki.

A ƙarƙashin duk wannan akwai jigo guda da ba ya tsufa, wato mutanen da ake tsoro ake ƙi saboda yadda aka haife su, da gardama tsakanin mai cewa a zauna lafiya da maƙiya da mai cewa a rama. Claremont ne ya mayar da Magneto, babban abokin gabar X-Men, wanda ya tsira daga sansanin kisan Nazi, ya daina zama bos na yau da kullum, ya zama mutumin da kake jin tsoron hujjarsa.

Ƙarshen zamanin ma bai yi sanyi ba. Frank Miller ya kama Daredevil, da zane daga 1979, da rubutu daga 1981, ya mayar da shi labarin 'yan daba da lungunan birni. Marv Wolfman da George Pérez suka ba DC amsarta da New Teen Titans a 1980. Walt Simonson ya karɓi Thor a 1983. Sai labarin DC mai suna Crisis on Infinite Earths na 1985 zuwa 1986, fitowa goma sha biyu, inda aka kashe Barry Allen, mutumin da ya buɗe Zamanin Azurfa kusan shekara talatin kafin nan.

Kada in ɓoye aibin Tagulla, don yana da yawa. Zamani ne marar daidaito. Tsakanin 1972 da 1978 Marvel ta canza babban edita sau da dama, mujallu suna makara, a cusa tsohon labari a tsakiyar sabo don cike gurbi. DC ta soke mujallu masu yawa a lokaci guda a 1978. Farashi ya tashi daga santi 15 zuwa 60 a farkon shekarun 1980, shafukan labari suka ragu har zuwa 17, takarda ta lalace. Claremont kansa yana da yawan magana, jarumi na tsakiyar faɗa yana bayanin ƙarfinsa da damuwarsa a cikin dogon tunani, kuma kowane wata sai an maimaita don sabon mai karatu. Jaruman baƙaƙe da aka kawo, kamar Luke Cage na 1972, fararen marubuta ne suka sa musu magana irin ta finafinan lokacin, sau da yawa tana fita da ƙarin gishiri. Storm ma, a fitowarta ta farko, an nuna ta ne kusan tsirara mutanen ƙauye suna bauta mata, irin Afirkar da Bature ke hasashe. Idan ka ɗauki mujallar Tagulla da ka, ba mamaki ka faɗa kan shirme. Dole sai da zaɓe.

Idan makin goma ne, a ƙirƙira zan ba Azurfa goma cif, Tagulla bakwai. A ƙarfin labari Azurfa biyar take samu a wurina, kuma Ditko da Kirby ne suka jawo ta har nan, Tagulla kuwa takwas. Zane ya fi wuyar yankewa. Babu wanda ya kai Kirby ƙarfi, amma Tagulla ta fi yawan gwanaye da bambancin hannu, Adams da Byrne da Pérez da Miller da Simonson kowa da irin nasa, don haka na bar su kunnen doki.

Akwai mutum biyu da zan ce su saɓa wa shawarata. Na farko uba ko yaya mai saya wa yaro ɗan firamare. Shi Azurfa ta fi masa, domin labaranta gajeru ne, babu jini, babu shaye-shaye, Turancinta mai sauƙi ne ga mai koyo, in ban da kurin Stan Lee. A duka zamanin biyu dai akwai labaran gumakan tatsuniyar Turai irin su Thor, da na tsafi irin Doctor Strange, ga kuma shigar wasu mata a Tagulla, saboda haka babba ya fara dubawa kafin ya miƙa. Na biyu mai koyon zane. Shi ya zauna da Kirby da Ditko da Infantino, ya ga yadda ake jan idon mai karatu daga gida zuwa gida ba tare da ya ɓace ba.

Kowa kuma ban da waɗannan, ya nemi kundin da ya fara da Giant-Size X-Men na 1975 ya ci gaba daga fitowa ta 94. Jerin Epic Collection na Marvel ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin riƙewa a kan manyan Omnibus, tsofaffin kundayen Essential kuma sun fi araha amma babu launi, wanda kuma ke da intanet mai kyau zai same su a manhajar Marvel Unlimited. Fitowar farko-farko suna ɗan jan ƙafa, a yi haƙuri da su har Byrne ya shigo a ta 108, a bi shi zuwa ta 143. Daga nan a ɗauki Daredevil na Miller, daga 168 zuwa 181. Bayan wannan sai a juya baya a karanta Spider-Man na Ditko da Fantastic Four daga 44 zuwa 60, a lokacin an riga an san mutanen, an san abin da zai same su a gaba.